Kisan Bud Dajo: amsa ga mai tambaya kan hoton Musulmin Moro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani tsohon hoto yana yawo a Facebook, sojoji Turawa sun tsaya a bakin rami cike da gawawwaki har da mata, an rubuta wai Musulmin Filipin ne Amurka ta kashe. Gaskiya ne ko irin hotunan nan ne na haɗi? Su waye Moro ɗin, kuma can ƙasar tasu ana tunawa da abin kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Hoton gaskiya ne, ba kwamfuta ce ta haɗa shi ba, an ɗauke shi ne a watan Maris na 1906 a saman wani dutse da ake kira Bud Dajo a tsibirin Jolo, can kudancin Filipin. Ni tarihi nake koyarwa, kuma na daɗe ina bin labarin Musulmin wancan yanki, toh bari in warware maka daga tushe don in ba ka san tushen ba sai ka ɗauka faɗa ne kawai ya haɗa su wata rana.

Sunan Moro ba su suka raɗa wa kansu ba. Sifaniyawa ne suka zo da shi, shi ne sunan da suke kiran Musulmin Andalus da na Magrib, da suka iso waɗannan tsibirai a ƙarni na 16 suka tarar da masu salla sai suka liƙa musu sunan tsofaffin abokan gabarsu. Ba ƙabila ɗaya ba ce, akwai Tausug da Maranao da Maguindanao da Sama da Yakan da wasunsu, kowa da yarensa. Waɗanda aka kashe a Bud Dajo Tausug ne, mutanen Sulu, wato jerin tsibiran da Jolo ke ciki, masu jirgin ruwa da kasuwancin teku. Musulunci ya riga Sifaniya zuwa wurin, tun ƙarshen ƙarni na 14 malamai da fatake suka kai shi, a ƙarni na 15 kuma har an kafa Sultan a Sulu. Sifaniya ta yi shekara sama da 300 tana fama da su bata taɓa tanƙwara su gaba ɗaya ba, garin Jolo ma sai 1876 ta kama shi, kuma ko da ta kama ɗin ikonta kusan a cikin ganuwa ya tsaya.

Sai 1898 Amurka ta ci Sifaniya da yaƙi, aka zauna a Paris aka miƙa mata Filipin kan dala miliyan 20, aka haɗa har da Sulu a cikin cinikin, wato mutum ya sayar da gonar da shi kansa bai taɓa mallaka ba. A lokacin Amurka hannunta a cike yake da yaƙin masu neman 'yanci na arewacin Filipin, don haka sai ta lallaɓa kudu, a watan Agusta 1899 Janar John Bates ya yi yarjejeniya da Sultan Jamalul Kiram na biyu cewa ba za a taɓa addini da al'ada ba, Sultan da hakimansa da ake kira datu za su ci gaba da shari'ar mutanensu har da albashi. Ana gamawa da arewa sai labari ya sha bamban. 1903 aka ƙirƙiro Lardin Moro ƙarƙashin mulkin soja aka naɗa Manjo Janar Leonard Wood gwamna, 1904 kuma Amurka ta soke yarjejeniyar ita kaɗai ba shawara. Shi Wood ɗin nan aminin shugaba Theodore Roosevelt ne tun yaƙin Kuba, ka riƙe wannan don zai yi maka amfani a gaba.

Abin da ya fi tunzura talakawa shi ne harajin kai, cedula suke ce masa, kowane baligi namiji ya biya a ba shi takarda. Ba yawan kuɗin ba ne kaɗai matsalar, ma'anarsa ce, Musulmin da kakanninsa suka ƙi sunkuya wa Sifaniya shekara ɗari uku yau an ce ya kai kuɗin kansa ga wanda ba Musulmi ba, a idonsa jizya ce aka juya masa. Ga dokar hana bauta da ita ma ta zo a 1903, kuma nan dole in faɗi gaskiya, akwai bauta a Sulu, manyan gari da bayi suke taƙama, hana ta ba laifi ba ne, amma yadda aka zo da ita da bakin bindiga ya rushe tsarin da jama'a suka sani ba a kafa wani ba. Ga guguwar teku ta ɓata amfanin gona yunwa ta shigo. Ga kuma yaƙe-yaƙen da Wood ya riga ya yi a tsibirin, wanda duk ƙauyen da ya ƙi sai a ruguza katangarsa a kashe na ciki.

Toh a wannan hali ne mutane suka fara hawa dutsen a 1905. Bud a yarensu dutse ke nan. Shi Dajo tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, tsayinsa wajen ƙafa 2,100, bai fi mil 6 daga garin Jolo ba, gefensa tsaye car ga kurmi, amma in ka kai sama sai ka tarar da kwari a tsakiya kamar akushi, da ruwa a ciki da ƙasar noma. Suka hau da matansu da 'ya'yansu, suka yi bukkoki, suka shuka shinkafa da dankali, suka gina katangu da ramuka a bakin hanyoyi uku da ake hawa. Jagororinsu su Imam Harib da Panglima Imlam da wani Adam, ba manyan masu sarauta ba ne. Wannan wurin mutane da yawa ke kuskure, suna ɗauka rundunar Sultan ce. Ko kaɗan. Sultan da manyan datu ba sa tare da su, hasali ma wasu datu ɗin haushi suke ji don talakawansu sun zame musu, su aka riƙa aikawa su ce a sauko. Mutanen saman dutse gaba kura baya siyaki suke, ga haraji ga masu sarauta.

Hugh Scott, wanda shi ne jami'in Amurka mai kula da gundumar Sulu, ya yi ta lallaɓawa ta hanyar 'yan aike kuma an samu wata biyu wata uku ana zaman lafiya, shi da kansa daga baya ya bayyana cewa mutanen sun ce ba yaƙi ya kai su ba, tsoro ne, kuma suna da shuka da suke son su kula da ita. An yi ta zargin wasu daga cikinsu da saukowa satar dabbobi, mai yiwuwa ne an yi, cikin mutum kusan dubu ba a rasa ɓata-gari. Amma satar saniya hukuncinta daban. Scott na tafiya hutu farkon 1906 sai waɗanda suka rage suka shawo kan Wood cewa barin mutanen nan raini zai jawo, shi kuma lokacin an ɗaga shi zuwa kwamandan sojan Amurka na Filipin baki ɗaya, yana son ya bar lardi ba ƙura.

Aka tara soja sama da 700 ƙarƙashin Kanar Joseph Duncan, da sojan ƙasa da na doki da 'yan igwa da wasu sojan ruwa daga jirgin yaƙi Pampanga, har da 'yan sandan mulkin mallaka wanda cikinsu akwai Moro 'yan'uwansu, wannan ma abu ne da ba a son faɗa amma haka yake a kowane mulkin mallaka, mu ma nan da hannun namu aka ci mu. Daga 5 ga Maris aka fara luguden igwa. Sojoji suka riƙa rarrafe suna kama saiwoyi suna hawa, igwa kuwa da igiya aka ja ta har bakin kwarin. Na sama kuma me gare su, takubbansu da ake kira kris da barung, da masu, da tsofaffin bindigogi 'yan kaɗan, da ƙananan igwar tagulla irin ta da mai suna lantaka, sai duwatsu da gungume da suke mirginowa. Kuma sun yi faɗa, kada wani ya ce maka tsayawa suka yi kamar tumaki, maza da mata sun fito da takobi, sun kashe soja kusan 20 sun raunata wajen 70. Amma ranar 7 ga wata da sojoji suka kai baki suka kafa mashinga da igwa suna kallon cikin kwari daga sama, daga nan ba sauran wani abu da za a kira yaƙi, harbi ne cikin rami da mutane suka cunkushe ba mafita. Zuwa safiyar 8 ga wata an gama. Wood ya aika waya cewa an kashe 600. Ƙididdigar da masana suka fi yarda da ita tsakanin 800 ne zuwa 1,000, kuma rahotannin lokacin sun ce mutum 6 kacal suka fita da rai.

Ka tsaya kan wannan adadi na ƙarshe. A yawancin yaƙe-yaƙe masu rauni sun fi matattu yawa, ko a ɓangaren sojan ma ka ga 20 da 70. In aka ce maka an kashe kusan dubu masu rai shida, toh ba a bar mai rauni ba ke nan, ba a karɓi mai miƙa wuya ba. Wannan shi ne hujjata ta farko duk lokacin da wani ya ce min ai a littafin soja "yaƙin Bud Dajo" aka rubuta.

Labari ya isa Amurka cikin kwana biyu, Roosevelt ya aika wa amininsa waya yana taya shi murna da cewa sun ɗaukaka martabar tutar Amurka. Sai jaridu suka fara kawo cewa akwai mata da yara cikin matattu, majalisa ta ɗauki zafi, sakataren yaƙi William Taft ya nemi bayani. Amsar Wood ita ce wai matan shigar maza suka yi ba a iya bambancewa, yaran kuma iyayensu ne suka yi garkuwa da su. Ɗan'uwa ka saurari wannan uzuri da kyau, shekara sama da ɗari ke nan amma har yau shi ake maimaitawa kusan kalma da kalma duk inda aka yi ruwan wuta kan farar hula. Marubuci Mark Twain ya yi kakkausar suka a rubutun tarihin rayuwarsa, sai dai bai bari an buga ba sai bayan ransa. Ana cikin cece-kuce sai girgizar ƙasar San Francisco ta auku 18 ga Afrilu, jaridu suka koma can, maganar ta bi ruwa. Ba wanda aka gurfanar. Mutum 3 aka ba lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda wannan aiki, Wood ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a 1910, ya dawo gwamnan Filipin gaba ɗaya daga 1921 har rasuwarsa 1927, kuma yau haka akwai babban barikin soja a jihar Missouri da sunansa.

Yanzu hoton da ka gani. Bai fito fili ba sai 1907, bayan ƙura ta lafa. In ka buɗe shi da girma ka duba, sojojin ba ɓuya suke ba, sun jeru a bakin ramin wasu riƙe da ƙugu wasu sun jingina da bindiga suna kallon mai ɗauka, irin tsayuwar maharba in sun kayar da nama. A ƙasansu gawa kan gawa. A tsakiya akwai mace, kanta ya karkata baya, rigarta ta yaye ƙirjinta a buɗe, wato hoton da kansa ya ƙaryata zancen ba a gane mata ba. Ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka ta Amurka ta buga shi ta rarraba, shugabanta Moorfield Storey ya aika wa malamin nan baƙar fata W.E.B. Du Bois, shi kuma ya amsa cewa yana son ya sa shi a firam ya rataye a ajinsa don ɗalibai su ga ainihin abin da yaƙin cin ƙasa yake nufi. Ni ma na taɓa nuna shi a aji. Aji ya yi tsit, sai wata ɗaliba daga baya ta ce Malam don Allah a rufe mata jiki. Wallahi har lokacin ban taɓa tunanin haka ba, shekaru ina kallon matar nan a matsayin hujja, yarinyar nan ita ta gan ta a matsayin gawar Musulma da ba a suturta ba. Tun ranar in zan nuna sai na rufe wurin. Kai ma in za ka tura wa wani ka yi hakan, ka kuma rubuta sunan wurin da shekarar, don ina ganin ana liƙa wa hoton sunan wasu ƙasashe daban.

Batun tunawa kuwa ya danganta da wa ka tambaya. Ba'amurke na kan titi bai san sunan ba sam. Abin da ya fi yawo a can game da Moro tatsuniya ce, wadda Donald Trump ya ba da a kamfen na 2016, wai Janar Pershing na sojan Amurka ya tsoma harsasai cikin jinin alade ya harbe fursunoni 49 ya saki ɗaya, masana tarihi sun bincika ba su samu tushenta ba. Kaga abin da ya faru da gaske an mance, wanda bai faru ba ana tafa masa. Shi Pershing ɗin na gaskiya, a ƙarshen 1911 mutane sun sake hawa Bud Dajo saboda dokar karɓe makamai, ya kewaye dutsen ya yi haƙuri har yawancinsu suka sauko da ƙafarsu, wanda hakan ya nuna ko a 1906 akwai wata hanya in da an so. Amma shi ɗin dai ne a Yunin 1913 ya afka wa Bud Bagsak a wannan tsibiri aka kashe ɗaruruwa. A 'yan shekarun nan ne masana suka dawo kan batun, a 2024 wani masanin tarihi Kim Wagner ya fitar da littafi sukutum a kansa.

A Manila, babban birnin Filipin, kuma littattafan makaranta sun daɗe suna ba da tarihin ƙasa ta fuskar Kiristocin arewa, Moro sai a gefe. Wanda ya fito da Bud Dajo duniya ta ji shi ne shugaban Filipin na lokacin Rodrigo Duterte a Satumban 2016, ya ɗaga hotunan a taron shugabannin yankin a Laos ya sake ɗagawa a fadarsa yana cewa sojan Amurka su bar Mindanao, babban tsibirin kudancin ƙasar. Mutane da yawa sun ji daɗi, ni ma na ji daɗin an ambaci mamatan, amma ban ruɗu ba, ya yi hakan ne daidai lokacin da gwamnatin Obama ke sukarsa kan dubban mutanen da ake kashewa da sunan yaƙi da ƙwaya, wato garkuwa ya yi da su. Shekara na zagayowa a 2017 jiragen gwamnatinsa suka rugurguza tsakiyar Marawi, birnin Musulmi, a faɗa da 'yan ta'adda. A 2018 Amurka ta mayar da ƙararrawar cocin garin Balangiga na Filipin da sojanta suka kwashe a 1901, aka yi biki, Bud Dajo kuwa ba neman afuwa ba janye lambobin yabo.

Su Tausug ba su taɓa buƙatar wani ya tuna musu ba. Suna da waƙoƙin tarihi da suke kira kissa, kalmar Larabci ce, ita ce dai ƙissa tamu, mawaƙi ya zauna da gabbang, wani abin kiɗa na gora da ake bugawa da 'yan sanduna, ya yi ta jero labarin dare guda. A cikin irin waɗannan waƙoƙi mutanen dutse ba abin tausayi ba ne, masu parang sabil ne, wato waɗanda suka zaɓi mutuwa fi sabilillahi a kan su sunkuya. Nan akwai ɗan saɓani da ya kamata ka sani, mai kare haƙƙin ɗan'adam yana son ya ce bayin Allah ne da ba su ji ba su gani ba aka kashe, jikan mamacin kuma yana cewa kakana shahidi ne da takobi a hannu. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, mutum zai iya ɗaukar takobi ya kare bukkarsa kuma kashe shi da 'ya'yansa da mashinga ya zama zalunci, ɗaya ba ya soke ɗaya. A 2006 da aka cika shekara 100 an yi taron tunawa a Jolo, kuma a daidai lokacin akwai sojan Amurka a tsibirin da sunan taya yaƙi da ƙungiyar 'yan ta'adda ta Abu Sayyaf, ka ƙiyasta yadda dattijon gari zai ji.

Sannan wani abin, raunin da ya zo daga baya ya danne na farko. 18 ga Maris 1968 sojan Filipin suka kashe samarin Moro da suke horarwa a tsibirin Corregidor, abin da ake kira kisan Jabidah, shi ya haifar da ƙungiyar 'yan tawayen Moro mai suna MNLF ta Nur Misuari wanda shi ma ɗan Sulu ne. Fabrairun 1974 garin Jolo ya ƙone ƙurmus a faɗan soja da 'yan tawaye zamanin shugaba Marcos. Wanda ya ga wannan da idonsa yana nan da rai, don haka in ka ce kisan kiyashi a Sulu ba lallai 1906 ce za ta fara zuwa masa ba. Amma sunan nan Moro da aka liƙa musu don ƙasƙanci, 'yan gwagwarmayar nan suka ɗauke shi suka mai da shi abin alfahari, Bangsamoro, al'ummar Moro, shi ne sunan yankin mai cin gashin kansa da aka kafa a 2019. Sai dai ita Sulu, inda dutsen yake, ta ƙi amincewa a ƙuri'ar raba gardama, kuma a Satumban 2024 kotun ƙoli ta ce ba ta cikin yankin.

Ka ce ko ana tunawa can, bari ni ma in tambaye ka ta nan. An gama Bud Dajo 8 ga Maris 1906. Ranar 10 ga Maris 1906, kwana biyu tsakani, sojan Ingila zamanin Lugard suka isa Satiru kudu da Sakkwato, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru suka ƙi biyan haraji suka yi wa Nasara tawaye a watan Fabrairu. Su ma fartanya da gatari da baka suka fito da su a gaban mashinga, su ma masu sarauta ba sa bayansu, aka kashe wajen mutum 2,000 aka kwashe mata da yara aka baje garin, aka kuma la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ba wata alaƙa tsakanin mutanen biyu, ba su san da juna ba, ɗaya a bakin teku ɗaya a bakin Sahara. Satiru ba mai hoto da ya bar mana irin wannan shaida, kuma duk shekara in na tambayi sababbin ɗalibai wa ya taɓa jin sunan, hannu biyu ko uku nake gani, wasu daga cikin waɗanda ba su ɗaga ba ma 'yan Sakkwato ne.